Sunan 'Yar Fari

Mushe Mumuni, wato Malam Mumuni, malamin lissafi a Tasawa, shi ke riƙe da ƙofar wata manhaja da su goma sha wani abu suke ginawa tare, mai gaya wa manoma labarin ruwan sama. Kowa ya yi gyaransa a gefe sai ya aiko, Mumuni ya duba, ya haɗa da uwar aikin. Al'adarsu kuwa, wadda shi da kansa ya kafa, duk gyaran da aka karɓa sai an rubuta wa mai shi sannu da aiki tare da sunansa, ya zauna cikin tarihin manhajar.

Ashe ya haƙa wa kansa rami.

Zahra'u, 'yarsa ta fari, ta aiko gyaranta na farko. Da ma manhajar kan ƙage a garin Hawandawaki duk sanda rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, ita ce ta gano dalilin. Mumuni ya karanta, ya sake karantawa, bai ga abin cirewa ba. Daɗi ya cika shi. Sai dai tun ranar suna bakinsa bai taɓa kama sunan yarinyar ba, saboda kunyar 'yar fari. "Ke" yake ce mata.

Ya karɓi na abokan aikinsu Moctar da Safi, nata ya bar shi yana jira. Kullum sai ya buɗe ya kalla, ya rufe.

Ran nan matarsa A'ishatu ta ajiye masa fura da ɗan ƙarfi.

"Malam, ɗiyar nan hwa ta ce ta bar aikin. Wai nata bai kai ba, shi ya sa ka yi shiru."

"Wa ya ce bai kai ba?"

"Shirunka."

Abin ya soke shi. Ya jawo ordinater, wato kwamfutarsa, ya danna karɓa. Da ya zo wurin godiya, mutumin da ke rubutu da yatsu goma ya koma lalube da ɗaya. Ya waiga, ba mai kallo. Ya rubuta: Sannu da aiki, Zahra'u.

Daga ɗakin da ke fuskantar nasa ya ji wayar 'yar tasa ta yi ƙara. Ya zuba wa ƙofar ɗakin ido.

Can ta fito, idonta jajur. Ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a sunkuye, ta ce, "Na'am, Baba."