Ƙasar da Laras Za Ta Taka

Zanen lilon yana rataye a azara yana ɗan motsi, amma babu nauyi a cikinsa. Na dire jarkar ruwan da na ɗebo daga famfon masallaci, na leƙa. Babu 'yata Laras. Sai ɗan matashin kanta, da sauran ɗumin jikinta.

Durƙusawa na fara yi, na kafa ido a tsagin katakon daɓe. A ƙauyenmu duk uwar da ta nemi ɗanta ta rasa, ƙasa take fara dubawa, domin teku ce a ƙarƙashinmu. Ta cinye gonakin shinkafa, ta cinye titi, yanzu a kan katako muke kwana, a kan katako muke tafiya. Ban ga komai ba sai baƙin taɓo da 'yan ƙaguwa. Ruwa ya janye sosai a safiyar nan.

"Mak! Mak!" Na ƙwala wa surukata kira, ita na bar wa yarinyar. Shiru.

Maƙwabciyarmu Yu Darmi tana zaune a ƙofarta tana ɓare ƙaguwa.

"Ke Ningsih, wannan ihu haka? Kifaye ma sun ji ki."

"Yu, Laras ce! Ba ta cikin lilo!"

"Af, ba da saninki ba ne? Na ga Mak Paini ta ɗaure ta a ƙirji, ta kwance kwale-kwalen marigayi mijinta. Har na ce mata, tsohuwa, sabon miji za ki nemo a teku? Ta ce in ji da ƙaguwata."

"Ina ta nufa?"

Ta nuna arewa da wuƙarta, inda babu komai sai fili da turakun lantarki. Nan take na gane: tsohon gidanta ta nufa.

Laras ta haura wata bakwai, lokacin bikin taka ƙasa ya yi. Tun haihuwarta tafin ƙafarta bai taɓa ƙasa ba, kamar yadda ake wa kowane jariri, sai ranar da za a sauke ta a gaban mutane. Na gama shiri. An ɗaura tsanin raken da za ta hau, na aro akurkin da za a zaunar da ita bisa al'ada, na jiƙa shinkafa mai danƙo. Ƙasar ce kawai babu. Sai na sa mijina Mas Tarmuji, da yake aiki a masaƙa a birnin Semarang, ya taho min da ita a buhu daga inda motoci suke jibge ta. Mak, wadda take kirana Nduk, wato 'yata, ta murza ta a yatsu ta ce, "Wannan ƙasar wani dutse ce, Nduk. Ba ta san mu ba. Uban Laras a tsakar gidana ya taka, kakanta ma haka." Na yi dariya a lokacin. Tsakar gidan nan tata teku ta daɗe da shanye ta.

Kang Sarpan, mijin Yu Darmi, yana ɗinkin taru. Bai tsaya tambaya ba, ya tada injin kwale-kwalensa. Kafin in faɗa cikin kwale-kwalen na fizgi faffaɗan katakon da ake hawa a tsinto kumba a taɓo. Ban san me ya sa ba, hannuna ne ya ɗauka.

Muka bi mashigin da ya rage da ruwa. Muka wuce rufin tsohuwar makarantarmu, muka wuce busassun itatuwa tsaye farare. Kang Sarpan ya dubi gindin wani turken lantarki, ya ce a hankali, "Ruwa ya juyo."

Kwale-kwalen Mak muka fara gani, yana yawo shi kaɗai, igiyarsa na jan wani ruɓaɓɓen itace.

"Innalillahi," in ji Kang Sarpan.

Na miƙe tsaye ina dube-dube.

Sai na ji kuka. Kukan Laras, mai ƙarfi, irin na fushi. Ban taɓa jin abin da ya fi shi daɗi ba.

Suna can kusa da kututturen wani mangwaro. Da farko na zaci Mak a zaune take. Ashe a tsaye take, taɓo ya haɗiye ta har cinya. Ta kwance Laras daga ƙirjinta ta ɗaga ta sama da hannu biyu, kamar mai miƙa tire. Ruwa kuwa yana ta gangarowa a hankali, ya fara lasar zanenta.

Kwale-kwalenmu ya cije a taɓo, ya ƙi gaba. Kang Sarpan ya ɗaga ƙafa zai dira.

"Kang, kada ka sauka! Ka fi ta nauyi, kai ma za ka nutse!"

Na jefa katakon, na ɗora gwiwa ɗaya da hannuwana a kai, ina tunkuɗawa da ɗaya ƙafar, yadda nake yi tun ina yarinya. Ban san sadda na isa ba.

"Mak, miƙo ta."

"Nduk, ban sauke ta ba," ta ce, muryarta a dishe. "Wallahi ban sauke ta ba. Dubi ƙafarta."

"Miƙo ta, Mak!"

Hannuwanta sun sandare, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya ɗaya. Na ɗaure Laras a ƙirjina da ɗankwalina, na shafa kanta, bayanta, cikinta. Rana ta gasa mata kumatu, amma lafiyarta lau. Tafin ƙafarta fes, ko ɗigon taɓo babu.

Na kai ta wurin Kang Sarpan, na koma da igiya. Na sa Mak ta kwanta da ƙirji a kan katakon, na zarga mata igiyar a hammata. Yana ja, ina tona gefen cinyoyinta da hannu, ruwa ya kai min gwiwar hannu. Da ƙyar taɓon ya sake ta, da wata irin ƙara kamar tsaki.

Muka shiga kwale-kwale. Ina da maganganu cike da baki, na tanade su tun daga gida, amma sai kawai na rungume Laras. Mak tana kallon kututturen har ruwa ya rufe gindinsa.

"Nan murhuna yake," ta ce, ba da kowa take ba. "Nan nake shanya shinkafa. Ƙasa ce mai tauri, sai an sa fartanya. Na sa ƙafa kawai, sai na ji babu komai a ƙasa. Babu komai, Nduk."

Muna zaune gwiwa da gwiwa saboda ƙanƙantar wurin. Laras ta daina kuka, tana wutsil-wutsil a cinyata. Sai ta miƙe ƙafa ta dangwala a kan zanen kakarta, inda taɓo ya yi kauri. Ta ji sanyi, ta sake dangwalawa da ɗayar.

Mak ta zuba wa ƙafafun ido. Kang Sarpan ya kau da kai.

Gorar ruwan sha tana kusa da ni. Na ɗauka, na riƙe ta jim kaɗan, sannan na ce, "Kin gani, Mak? Ta taka. Ƙasarku ce, ta taka."

Ta gyaɗa kai.

"To shi ke nan. Sauran bikin a gidan yayata za a yi, can tudu. Kuma ni da Laras can za mu zauna. Zan faɗa wa Mas Tarmuji yau. In za ki zo, akwai ɗaki."

Na wanke ƙafafun tas, har tsakanin yatsu.

Muna isa gida Yu Darmi ta taso da gudu tana tambaya. Na wuce ta, na hau kujera da Laras a ƙirjina, na kwance zanen lilon daga azara.