Hannaye a Kogon Kiwo

Awaki suka fara mace wa Lurwanu, ba tari ba kumburi. Shi ya sa ya baro shagonsa na unguwar Kudai da hantsi, ya nufi duwatsun kudancin Makka, inda Yari, mutumin Agadas da ke ƙarƙashin kafalarsa, yake masa kiwo.

Ya same shi a wani kogo ya fake wa rana. Ɗaga kan da Lurwanu zai yi, sai ga hannaye birjik a jikin dutsen, kamar an kifa tafi an fesa jar ƙasa a kewayensa. Duk sun koɗe, ban da guda ɗaya da jansa bai ko dushe ba.

Sihiri ba abin wasa ba ne a garin nan. In wani ya gani ya kai ƙara, Yari ya rasa iƙamarsa ta izinin zama, shi kuma kafili a yi ta jansa.

"Esh hada, Yari? Mene ne wannan? Wa kake wa aiki a nan?"

"Kai mana, Alhaji. Sai awaki."

"Kar ka raina mini hankali."

"Na mutanen da ne, haka na tarar da su. Wancan sabon kam nawa ne. Ƙasa na jiƙa, na guntsa, na fesa. So nake in ga yadda suka yi."

"Ka guntsi ƙasa. Da gemunka."

"Kiwo akwai kaɗaici, Alhaji."

Lurwanu ya ɗauko jarkar ruwa daga mota, ya dire masa. "Wanke. Duka."

Yari ya sa tsumma ya dirje. Nasa ya bi ruwa nan take. Tsofaffin kuwa, ruwan na taɓa su sai suka ƙara fitowa, har da wani ɗan mitsitsi da ɗazu ba a gani.

"Ka gani ko? Sun girmi kakana."

Lurwanu ya ja da baya yana a'uziyya. In mutumin nan gaskiya yake faɗi, haka za su yi. To in aikin asiri ne fa? Haka ɗin dai za su yi. Ya daɗe yana kallon fuskar Yari, bai tsinci komai ba.

"Halas, magana ta ƙare. Tattara kayanka, zan turo wani. Daga yau kana shago, inda idona ke kanka. Maganar sabunta iƙama kuma, sai na ga hali."

A mota Yari ya kwance ƙullin dabino ya miƙa masa. Lurwanu ya dubi hannun, jar ƙasa maƙale a farce.

"Na ƙoshi," in ji shi.