Ƙafar Kuloci

Ciwon da ya kama ƙanena Nozer kamar ya san inda zai taɓa. Ya bar masa magana, ya bar masa hankali, ya bar masa ɓarin dama lafiya lau, ya shanye hannun hagu da ƙafar hagu. Hannun sauya giyar mota da ƙafar taka kuloci ke nan. Da likita ya gama bayaninsa, Nozer bai tambayi ko zai sake tafiya da ƙafafunsa ba. Cewa ya yi, "Likita, yaushe zan taka kuloci?"

Mu biyu ne a gidan tun rasuwar iyayenmu, daga ni har shi ba wanda ya yi aure. Sai motar. 'Yar Ingila ce mai kujera biyu, ba ta da rufi, koriya shar, babanmu ya saye ta sabuwa Nozer yana rarrafe. Duk Lahadi a tsakar unguwarmu ta 'yan Parsi a Bombay za ka gan shi da singileti yana wanke ta, sannan ya ja ta zuwa hawan dutsen Khandala, ya dawo fuska duk ƙura ya tarar na sauke dhansak, miyarmu ta nama da wake. Tun yana saurayi haka yake, har furfura ta cika masa kai.

Kuma ga taurin kai, Allah ya sawwaƙe! Shi ne alƙali a gasar tsofaffin motoci, da tocilarsa da ɗan madubinsa yake leƙa ƙarƙashin motocin mutane. Noti guda in ba na asali ba ne, sai ya gano shi. Dara, amininsa tun makaranta, ya taɓa sa wa tasa motar birkin zamani, Nozer ya fitar da shi daga gasa a gaban jama'a.

Dara ya ce, "Birki ne fa, Nozer! So kake in mutu a gangara?"

"Mutu mana. Amma ka mutu a motar asali."

Sun daɗe ba sa ga-maciji a kan wannan maganar.

Damina ta zo ta wuce, mai gasa masa jiki tana zuwa tana tafiya. Ƙafar ta yarda ta ja ƙasa in ya dogara da sanda, iyakarta ke nan. Hannun kuwa ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Ya daina aski. In na kai masa ƙwai da burodi, sai in dawo in ɗauke su a sanyaye. Lobo, bakaniken da ke duba motar tun zamanin babanmu, yakan zo ya tayar da injin don kada ya daskare, kuma da Nozer ya ji ƙarar sai ya ƙara muryar rediyo. Ina kallon ƙanena yana ƙarewa a gabana, na rasa inda zan sa kaina.

Lobo ne ya kawo shawara, yana murza hularsa a bakin ƙofa. Akwai giyabos, wato akwatin giya, na wata motar Japan mai canza giya da kansa, a sa mata shi, a sa wa sitiyarin na'urar da za ta sauƙaƙa juyi. Hannu ɗaya da ƙafa ɗaya sun isa. Sai dai giyabos ɗin ƙato ne, ba zai shiga ba sai an yanka ƙasan motar.

Nozer ya ce, "Yanka?"

"Kaɗan, maigida."

"In an yanka, ana iya mayarwa?"

"Da walda. Amma ku da kanku za ku gane wurin ko ido a rufe."

"To sauka lafiya, Lobo."

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Kai Nozer, mota ce ko kabari? Ƙarfe ne fa! Ka zauna kana ruɓewa a kujera don kada a taɓa wani tsohon gwangwani?"

"Yaya Gulu, giya nawa ne da ita ma, kin sani?"

"Oho! Na dai san ƙane nawa ne da ni."

Na yi ta yi masa naci har na gaji da jin muryata, daga ƙarshe na kira Dara. Ya zo da sandarsa shi ma, ya zauna ya ƙare wa Nozer kallo, ya ce, "Yanka ta, ɗan banza. Ba zan gaya wa alƙali ba." Nozer ya yi dariya da rabin bakinsa, karo na farko tun da ya kwanta. Ya yarda, da sharaɗin ba zai ga lokacin da za a fitar da ita ba.

Makonnin da motar ta yi a gareji, sai ga Nozer ya dawo mutum. Ya yi aski, ya ce gishirin miyata ya yi yawa, abin da ya tabbatar mini yana ci. Na kama shi da murfin tukunya yana gwada juya sitiyari da hannu ɗaya. Har ya ce in nemo gyalena, ni zai fara kaiwa Khandala. Ni da ban taɓa son shiga motar nan ba, na je na wanke gyalen na goge.

Ranar da Lobo ya dawo da ita, maƙwabta duk sun fito baranda. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Ƙarar injin tana nan yadda take, darduma ta rufe wurin yankan. Muka tallabi Nozer muka zaunar da shi, na ɗaga masa ƙafar hagu na shigar. Sai ya sunkuya yana kallon ƙasa.

"Feda uku nake gani, Lobo."

"Na bar ta kulocin don ido, maigida. Ba a haɗe take da komai ba. Kowa ya leƙa zai zaci asali ce."

Nozer ya kai ƙafar dama ya danna ta. Ta tafi ƙasa sakwaf, ba nauyi. Ya ce, "Ashe ita ma ta shanye."

Muka fita. Kai, motar tana tafiya sumul! Ya bi titin bakin teku da hannu ɗaya kamar bai taɓa ciwo ba, iska tana fizgar gyalena, ina ta surutu don murna. Sai na lura duk lokacin da motar ta canza giya, fuskarsa takan motsa kamar an tsikare shi. "Ta yi wurin canzawa," in ji shi a hankali. Can kuma, "Ta yi wuri." Da muka kama ɗan hawan tudun Malabar, na ga kafaɗarsa ta hagu tana ƙoƙarin ɗagawa, kafin nan motar ta riga ta sauya abinta ta haye. A saman hawan ya juya kan motar zuwa gida.

Na ce, "Khandala fa?"

Ya shigo unguwa, ya ajiye ta daidai wurinta ba gyara. Maƙwabta suka ɗauki tafi, Dara yana ɗaga sanda sama.

Na ce, "Ka gani? Ka tuƙa, Nozer! Ka tuƙa!"

"Sitiyari na riƙe, Yaya. Ɗaukata ta yi ta kai ta dawo da ni, yadda kuke ɗaukata zuwa banɗaki."

Sai a nan na gane. Da, ko yana kwance, yana da motar da yake fatan tuƙawa wata rana. Yanzu ga ta an gyara, tana tafiya, kuma babu sauran abin da zai jira.

Ya kashe injin, ya zare makullin ya ɗora mini a cinya. Ya ce, "Ki koya. Yanzu kowa ma zai iya."

Ana ta tafi a sama, ni ina kuka, mutane suna zaton na murna ne. Ya ɗan jira, sannan ya ce in zagayo in fitar masa da ƙafarsa.