Ruwa a Murfin Fulas

Ranar Talata ce, tun asuba ake yayyafi, irin wanda ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa. Mai walda bai buɗe shago ba, don ba ya taɓa wayar wuta ƙasa a jiƙe. Ya nufi asibiti, inda 'yarsa ta fari ke kwana na shida a cikin kwalba. Bakwaini ce, tafin ƙafarta bai wuce babban yatsansa ba. Ba a sa mata suna ba tukuna, nas-nas 'Yar Kwalba suke ce mata.

Matarsa a Katolika ta tashi. Da za su yi aure ta koma majami'arsu, inda ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya girma ya ba da gaskiya da bakinsa sannan a nutsar da shi. Ita ma aka sake nutsar da ita. Uwarta ba ta je ba, cewa ta yi ashe wanka Fada ya yi wa 'yarta tana wata biyu. Tun daga nan suruka da suruki ba sa haɗuwa sai sun tsokani juna. Ita ta ce 'yan majami'arsa suna raba tikitin sama kamar a tashar mota. Shi kuma ya ce gara su, nata mutanen har su mutu ba su san motar da suka hau ba. A yi dariya, a ci abinci, kowa da abinsa a ciki.

Da ya tura ƙofar ɗakin jarirai sai ya tarar da surukar ta buɗe 'yar tagar kwalbar, ta zura hannu, riƙe da murfin fulas da ruwa a ciki. Matarsa na tsaye a gefe tana kallon ƙofa. Nan take ya gane. A wurin 'yan Katolika idan jariri na bakin mutuwa ba a jiran Fada, kowa na iya zuba masa ruwa sau uku. Tsohuwar ta fara furta kalmomin, ruwan bai zuba ba, ya damƙe wuyan hannunta da hannun da ya saba murɗa ƙarfe. Ruwan ya watse a ƙasa, murfin ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Ɗana, sake ni. Ɗigo uku ne kawai."

"Mama, 'yata ce. Ba a gidana ba."

Ya yi ta jero abin da aka koya masa, cewa ruwa ba ya ceto, bangaskiya ke ceto, jariri kuwa bai san hagu da dama ba. Amma ba wannan ne ainihin dalilinsa ba. Barin ruwan ya taɓa goshin yarinyar daidai yake da yarda cewa tafiya za ta yi, shi kuwa likita ya ce masa ta ƙara nauyi. Nas ta kore su duka saboda hayaniya. Ya sunkuya ya ɗauki murfin ya jefa a aljihu, don kada a sake.

Ranar Alhamis da hantsi, yana yankan ƙarfen wata ƙofa, aka kira shi. Kafin ya isa an cire ta daga kwalbar, an lulluɓe.

Da rana falonsu ya cika da masu gaisuwa. Yayansa, wanda dattijo ne a majami'a, ya zauna kusa da matar ya ce ta share hawaye, yarinya tana wurin Ubangiji, babu ko tantama. Matar ta ɗago ta tambaye shi a hankali, ba shi ne ya koya mata cewa sai wanda ya ba da gaskiya ba? To yaushe 'yar kwana takwas ta ba da gaskiya? Ya ce ƙananan yara alheri ya rufe su. Surukar, carbi a hannu, ta ce ita ta tambayi Fada, ya ce a miƙa ta ga jinƙan Allah da kyakkyawan bege. Yayan ya juya ga jama'a ya ce to sun ji, bege, shekara sittin tana durƙuso abin da ta samo ke nan. Tsohuwar ta ce gara bege na gaskiya da tabbacin wanda bai taɓa leƙa can ba. Suka yi ta yi a kan matar, kamar masu jayayyar iyakar fili, har shayin da aka kawo ya huce.

Matar ba ta sake kallon ko ɗayansu ba. Mijinta ta kalla.

"Kai da ka riƙe hannun, kai za ka faɗa min. Tana ina?"

A baya mutumin nan ya tsaya gaban jama'a ya ce ya tabbata da cetonsa sau ba adadi. Ya sha tare masu wucewa a bakin shago yana tambayarsu in sun mutu yau ina za su. Ya buɗe baki, ya san amsar, ya san ayoyin da lambobinsu, amma maganar ta ƙi fita. Abin da yake gani kawai shi ne ruwa a kan siminti.

Washegari da sassafe, karon farko a rayuwarsa, ya shiga harabar Katolika. Ya sami Fada yana sa takalmi, ya roƙe shi ya zo ya yi wa yarinyar baftisma kafin a rufe akwati. Fada ya zaunar da shi, ya ce baftisma ta masu rai ce, ba zai iya ba, amma Allah ya ga niyyar uwar da ta kakar, kuma jinƙansa ba a ɗaure yake da ruwa ba. Mai walda ya ce, ke nan ta tsira? Fada ya ce suna da dalili mai ƙarfi na sa rai. Mai walda ya miƙe ya fita ko sallama babu.

A gida an ajiye ɗan akwatin a kan teburin ɗaki, kafinta na waje da guduma yana jira. Ya shiga ya turo ƙofa, ya zaro murfin daga aljihu, ya cika shi a randa. Ya buɗe fuskar, ya zuba sau uku, yana faɗin kalmomin yadda ya ji surukarsa ta fara, sauran ya ƙarasa da ka. Yana na ukun yayansa ya buɗe ƙofa, matarsa a bayansa.

Yayan ya bari aka yi jana'iza, ranar Lahadi ya kai magana gaban dattawa. Aka sa mai walda a horo na wata shida saboda yi wa gawa baftisma: bencin baya, ba jibin Ubangiji, ba wa'azin matasa.

Matar kuwa tun ranar, a ɗakin, ta ba shi nata hukuncin. Ta karɓi murfin daga hannunsa, ta tsoma yatsa a ragowar ruwan.

"Da sanyi," ta ce. "Na ranar Talata da ɗumi yake. Sai da Mama ta gwada a bayan hannunta."

Bayan mako biyu ta haɗa kayanta ta bi uwarta. Ba ta koma Katolika ba, ba ta kuma zuwa tasu majami'ar. Ya je biko sau uku. Surukar ce ke fitowa, ta ba shi kujera, ta kawo ruwa, ta ce 'yarta tana kwance. Ba ta taɓa goranta masa ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Tsokanar tikiti da mota ma ta daina.

Ya ƙera allon ƙarfe na kabari da hannunsa, ya goge, ya shafa fenti, sai ya rasa abin rubutawa. Allon yana nan jingine a bayan shago yana tsatsa.

Abin da aka rasa ke nan: 'ya ɗaya mai kwana takwas, suna ɗaya da ba a sa ba, aure na shekara biyu da wata huɗu, yaya ɗaya da yanzu sai gaisuwar hanya, benci na biyu daga gaba, da tabbacin da mai walda ya riƙe tun yana ɗan shekara goma sha biyar.