Kambun Kyaftin

"Ɗan boko, sake leƙawa," in ji Kyaftin. "Motar ta iso?"

Na sake fita ƙofar gida. Babu komai a layin sai mai facin taya da wata akuya. Na dawo na ce mata tukuna.

Kyaftin maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ita ta kafa kulob ɗin ƙwallon matan garinmu, tun lokacin da mace mai buga ƙwallo abin nunawa ce da baki. A wasansu na farko ba su da kambun kyaftin, sai ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaura a damtse. Sun ci. Daga baya sun ɗauki kofin lig har sau biyar, suka buga a ƙasashen waje, suka samu shugabanni masu tumbi waɗanda ke cewa da su aka fara. Tsumman nan dai bai canja ba. Duk ranar wasan gida motarsu takan tsaya a ƙofarta, direba ya danna hon kamar gobara ta tashi, ita kuma ta fito ta ɗaura wa kyaftin ɗin da ke kai. Ba mai ɗaurawa sai ita. Ni dai abin da na amfana da shi a wannan tarihi shi ne rashin barcin rana.

Yau wasan ƙarshe, ita kuwa likita ya sallamo ta gida da irin sallamar da kowa ya gane. Ta ƙi kwanciya. Ta sa 'yarta ta jingina ta da filo, ta ce a buɗe taga, ta ce a rufe, ta ce a kashe fanka don tana hana ta jin titi. Tsumman na cikin tafin hannunta.

"Umma, ko ruwa ki kurɓa," in ji 'yar.

"Ruwan ne zai buga mana wasan? Ɗan boko, digirinka bai koya maka tsayuwa a ƙofa ba?"

Na fita. Sai ga motar tana rarrafowa, ba hon, ba waƙa, 'yan matan duk sun sunkuyar da kai. Ta wuce ƙofar a hankali. Ashe shugabanni sun yi taro sun yanke cewa mara lafiya ba ta son hayaniya.

Ban yi gudu ba tun ina jami'a. Na bi motar da silifas ɗaya, ina dukan bayanta.

"Baba, lafiya?" direba ya leƙo. "Ko an yi rasuwar ne?"

"Ba a yi ba, amma kuna neman ku sa a yi. Danna hon ɗin nan!"

Ya danna. Akuyar ta arce.

Yarinyar da ke riƙe da muƙamin kyaftin yanzu ta shiga ɗakin da gudu, ta durƙusa a gaban gado. "Mama, ce mana aka yi kada mu dame ki."

"Wane sakaran ne ya ce? Miƙo hannun."

Kyaftin ta naɗa tsumman a damtsen yarinyar. Ta daɗe tana fama, ta ture hannun 'yarta da ta so taimaka mata. Ƙullin ya ɗauru, amma sako-sako.

"Tafi. Kuma ki daina barin gefen hagu a buɗe, ba ƙofar gidanku ba ce."

Bayan sun tafi ta yarda ta kwanta, har ta ce a kunna fanka. Muka kunna talabijin. Ba a kai hutun rabin lokaci ba 'yar ta juyo ta dube ni, sannan ta tashi ta ja mayafi ta rufe fuskar uwarta. Na rage sautin, amma ba wanda ya kashe.

A allon, tsumman ya zame har gwiwar hannun yarinyar. Wani daga benci ya taso zai ɗaure mata, ta kauce masa. Ta tura shi sama da ɗayan hannun, ta ci gaba da gudu.