Hannun Ƙasimu

A Unguwar Rogo aka fara cewa Ƙasimu ya sha maganin ƙarfe irin na 'yan tauri, shi ya sa jitar otal ta lalace a hannunsa. Shekarar kuɗin Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane otal na Sama Road yana da makaɗansa. Ƙasimu ke kaɗa babbar jita mai tsirkiya huɗu, mai amon ƙasa. Cikin wata shida ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuyanta suka yi rami-rami, sauti ya koma zizar ƙudan zuma. Aka sallame shi. Ya nemi aikin tuƙi, masu motoci suka ce ba su ba mai cin ƙarfe sitiyari.

Ƙanwar uwarsa, Malama Iyatu, shekara talatin ta yi tana koyarwa kafin ta yi ritaya, kuma ba ta karɓar magana don yawan masu faɗinta. Ta kira shi, ta kama yatsansa, ta soka masa allura. Jini ya fito.

"Inna, mi nay yi maki?"

"To ga taurin naka. Mi anka canza ga jitag ga kahin ta lalace?"

Ya ce tsirkiya. Shekara huɗu yana kaɗa ta da mai santsi. Da kuɗi suka shigo, Lawwali shugaban makaɗa ya sa otal ya sayo sababbi daga Legas, masu ƙyalli, masu kaushi a hannu.

Tsohuwar tsirkiyar tana nan, matar Ƙasimu tana shanya a kanta. Iyatu ta kwance ta, ta sa ya samo guntun sabuwar. Ta cire munduwarta ta tagulla, ta goga tsohuwar sau ɗari tana ƙirgawa. Ko alama. Ta goga sabuwar, kafin arba'in ga tsagi, ga garin tagulla a zanenta. Magagari ne kawai aka naɗe.

Da hantsi ta yafa gyale ta sami Lawwali a zaurensa na Ƙofar Dundaye. Ya taɓa zama a ajinta, don haka ya sauka daga kujera ya gaishe ta. Ta sake gogawa a gabansa. Bai ko sunkuya ya duba ba.

"Malama, na sani tun watan azumi."

"Ka sani, kab bari anka kore shi? Ɗiya biyar garai, Lawwali."

"Ni nac ce ma manaja a sawo su. In nac ce tsirkiya ta, wa za a kora? Ni ma ina da ɗiya."

"Lissahi dai ban iya koya maka ba, ashe ka koyo wani wuri."

Ya yi 'yar dariya, ya ce a kawo wa Malama lemo. Ba ta sha ba.

Ta je otal sau biyu, manaja yana taro da hafsoshin soja. Ta nuna wa matan unguwa munduwar, suka ce ai jininsu ɗaya da Ƙasimu, ba mamaki tagulla ta ci a hannunta. Da damina Ƙasimu ya sayar da gadonsa na ƙarfe, ya kwashe iyalinsa suka koma ƙauye noman gero.

Tsirkiya mai kaushi tana cin ƙarfen jita a hannun kowa. Ƙasimu bai taɓa shan komai ba.