Falwayar Gonar Haulatu

Tun zamanin Turawa gwamnati ta ja wayar tarho daga Daura ta nufi Zango, aka kakkafa falwayoyin ƙarfe a gonakin mutane ba tare da an ce wa kowa sannu ba. Shekara da shekaru ana ta labarin masu tarho suna ƙaruwa a birni, daga ofisoshi har gidajen attajirai. Su kuwa mutanen ƙauye, rabonsu tsuntsayen da ke hutawa a kan wayar kafin su faɗa wa gero.

Daga baya layin ya mutu, ɓarayi suka kwashe wayar, falwaya ɗaya ta rage tana tsatsa. Amfaninta guda ne: kowa ya san daga ita zuwa hanya gonar Haulatu ce, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ita da ɗanta Auta. Daga ita zuwa rafi kuma ta maƙwabcinsu Badaru ce, mutumin da in ya gaishe ka sai ka lalubi aljihunka.

Ana gab da damina Haulatu ta je sharar gona, ta tarar babu falwaya. Ko ramin ba a bari ba, an cike an baje. Ruwan farko na sauka Badaru ya shigo da shanun huɗa, ya cinye kusan rabin gonarta, ɓangaren da ta fi zuba wa taki.

Ta kai ƙara gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, iyakarmu falwaya ce. Har yaron goye ya sani."

"To, ina falwayar?" in ji dagaci.

Badaru ya rantse a gindin gawo falwayar take, can cikin gonar Haulatu. Aka kira dattawa, kowa ya nuna inda ransa ya ba shi, waɗanda ke cin tuwo a zauren Badaru suka nuna gawo. Dagaci ya ce shi ba ya hukunci da abin da ido bai gani ba, a bar iyaka a gawon, a zauna lafiya. Irin wannan zaman lafiya kullum marar gata ke ɗaukar nauyinsa. Haulatu ta koma gida, takaici ya hana ta ko kuka.

Ranar Juma'a Auta ya iso daga Mai'adua, inda yake acaɓa, bakinsa har kunne. Bai ji komai ba tukuna. Ya durƙusa ya miƙa mata ƙaramar waya sabuwa fil.

"Inna, na gaji da aiko miki saƙo a bakin direbobi. Tsohon ƙarfen nan na gona na sa 'yan gwangwan suka tone suka saya, ba abin da yake tsinana mana. Har ramin na cike, kada wani ya karye. Ga shi, da kuɗin na sayo miki wannan, ke ma yau kin shiga sahun masu waya."

Ta daɗe tana kallon ɗan nata. Tana son ta zage shi, tana kuma ganin yadda yake murna.

"Iyakar fa, Auta?"

"Haba Inna, ai kowa ya san iyakarmu." Ya karɓi wayar yana dannawa. "Lambar wa zan fara sa miki?"

"Sa ta Badaru," in ji ta. "In riƙa tambayarsa yadda gerona yake."